Makarantar 'yarka kyauta ce, amma haya ke biya

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. A duƙa a gaishe mini da Hajiya, a ce mata jikokinta suna nan ƙalau.

Ka tambaye ni ko da gaske ne ba na biyan ko sisi a makarantar 'yarka, ko kuwa irin cika bakin 'yan ƙasar waje ne. Gaskiya ne. Ba kuɗin rajista, ba kuɗin zango, ba yunifom, ba wanda ya taɓa aiko ta gida ta karɓo kuɗin alli ko tsintsiya. Amma kada ka yi saurin cewa mun faɗa tsundum a akushi, bari ka ji inda gizo ke saƙar.

Sunan makarantar Montgomery Blair, a Silver Spring, jihar Maryland. Unguwa ce da ke manne da birnin Washington ta arewa, kamar yadda wasu unguwannin bayan ganuwa suka manne da Kano har ba ka gane inda gari ya ƙare. Ta gwamnati ce, daga aji 9 zuwa 12, wato daga JS3 zuwa SS3 a lissafinmu. Ɗalibanta sun haura 3,000, ita ce mafi yawan ɗalibai a gundumarmu ta Montgomery. Doguwar barandar da ta ratsa tsakiyar ginin har suna gare ta kamar titi, Blair Boulevard, kuma idan aka kaɗa ƙararrawar sauya aji sai ka rantse Kantin Kwari ne ana jajiberin Sallah.

Ranar da na je sa ta, na tafi da jaka cike da takardu, ina tsammanin dogon turanci. Abin da suka fi damuwa da shi uku ne: takardar haihuwa, katin rigakafi, da shaidar cewa a unguwar nake zaune, wato yarjejeniyar haya da takardar kuɗin wuta mai adireshina. Ba su nemi bizata ba. Tun 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ba a hana yaro karatun gwamnati saboda takardun iyayensa. Adireshi dai, adireshi. Shi ne jarrabawar shiga, shi ne kuma kuɗin makarantar.

Ga yadda abin yake. Duk mai gida a nan yana biyan haraji kowace shekara gwargwadon darajar gidansa, ban da harajin albashi da gunduma ke cirewa. Kusan rabin kasafin gundumar Montgomery makarantu yake tafiya, kuma abin da ake kashe musu a shekara ya wuce dala biliyan 3, kan yara kusan 160,000. Ni ba ni da gida, amma masu gidan da nake haya ba daga aljihunsu suke biyan harajin ba, a wuyana suke rataya shi. Ɗaki biyu da falo ne, bai kai sashen baƙinka ba, yana cinye fiye da sulusin abin da nake samu, kuma duk shekara sai takarda ta zo an ƙara. Uwargida ta sha cewa mu koma inda haya ta fi sauƙi. Da na ce mata sai dai yarinya ta sauya makaranta, sai ta yi shiru. To kai kana biyan kuɗin makaranta sau uku a shekara ka karɓi rasit, ni ina biyan nawa sau goma sha biyu da sunan haya.

Abin da kuɗin ke saya kuwa, ba zan ɓoye maka ba, yana da yawa. An ba ta kwamfutar tafi-da-gidanka ta zo da ita gida. Littattafai aro ake ba su. Ɗakin gwaje-gwaje ba na nuna wa masu duba makarantu ba ne, da hannunta take haɗa sinadarai. Makinta da zuwanta aji duk ina gani a wayata, idan ta makara darasi ɗaya kafin magariba saƙo ya iso ni. Tuna lokacin da muke tsallake katanga mu tafi kogi, Baba bai sani ba sai ƙarshen zango? Nan da asirinmu ya tonu tun ranar farko.

Ana shiga aji ƙarfe 7:45, a tashi 2:30. Wanda gidansu ya wuce mil 2 daga makaranta, bas mai ruwan ɗorawa ke ɗaukarsa kyauta. A watan Janairu nakan raka ta bakin titi bayan asuba, gari bai waye ba, numfashi na fita kamar hayaƙi, yara sun dunƙule cikin manyan riguna ba mai ce wa kowa ƙala. Da bas ɗin ta tsaya sai jan allo ya buɗe a gefenta, fitilu su riƙa walƙiya, duk motar da ke hanya ta ƙame, ko ta wane ce. Akwai kyamara a jiki, wanda ya wuce tarar dala 250 za ta same shi har gida. Na daɗe ina kallon wannan, ina tuna yaranmu shida a Keke Napep ɗaya.

Tarihinta ma abin ji ne, 'yarka ce ta ba ni shi muna cin tuwon garin semo. An buɗe ta 1925 da sunan Takoma Park-Silver Spring, a 1935 ta koma titin Wayne aka sa mata sunan da take amsawa yanzu, sai 1998 ta dawo wannan babban gini a University Boulevard. Shi Montgomery Blair lauya ne, shi ya tsaya wa bawan nan Dred Scott a Kotun Ƙoli, shari'ar da aka yanke a 1857 cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne. Daga baya ya zama shugaban gidan waya a gwamnatin Lincoln. Mahaifinsa, wanda ya raɗa wa Silver Spring suna saboda wani marmaro mai ƙyalli da ya gani a 1840, shi kansa yana da bayi. Abin mamakin, makarantar da ke ɗauke da sunan lauyan bawa ta yi shekara talatin baƙar fata bai shiga ajinta ba. Yaran baƙaƙe garin Rockville, hedikwatar gundumar, ake kwasarsu, sai bayan hukuncin 1954 da ya haramta wariya aka fara haɗa su. Na ajiye loma na dubi yarinyar da lulluɓinta. Yau a ajinsu akwai 'yan Habasha, 'yan Salbado, 'yan Kamaru, 'yan Sin, har jaridar ɗalibai, Silver Chips, tana da shafukan Sifaniyanci. Carl Bernstein, ɗaya daga 'yan jaridar da suka tono badaƙalar da ta sa Shugaba Nixon murabus a 1974, nan ya yi karatu.

A 1985 aka buɗe wani sashe na musamman na lissafi, kimiyya da kwamfuta, wanda ake shiga da tantancewa. Su ne ke ciyo gasar kimiyya ta ƙasa. 'Yarka ba ta ciki, kuma ba ta damu ba, ni ne na damu.

Farkon shekara akwai daren da ake gayyatar iyaye. Aka miƙa mini jadawalinta, na riƙa bin azuzuwanta ɗaya bayan ɗaya, kowane malami 'yan mintoci, ƙararrawa ta kaɗa mu tashi da gudu. Ni da babbar rigata ina haki a matattakala, na ɓata sau biyu, wani yaro mai kitso ya nuna mini hanya. Malamin tarihi ya ce yarinyar tana da kaifin basira, sai dai yana so ta riƙa musu da shi, ta kuma dube shi ido cikin ido. Na ce to, Malam. A zuciyata na ce shekara goma sha huɗu muna koya mata sunkuyar da kai gaban manya. Yanzu ta koyi musun, kuma a kaina take gwadawa. Bulala kuwa haramun ce a dokar jihar, kada ma ka kawo zancen.

Ba ta samun shaidar kammalawa sai ta yi awa 75 na aikin taimakon jama'a, ita nata rabon abinci ne ga mabuƙata ranar Asabar. Wannan na so a ce muna da shi. Sallah ma tun 2016 gunduma ta fara daidaita kalanda yara su samu hutun ranar, bayan Musulmin yankin sun yi shekaru suna fafutuka.

Abin da babu shi ne wanda ku kuke samu a arha. Allo da Islamiyya da ke kowane lungu a gida, nan sai ƙarshen mako, sai na tuƙa mota, sai na biya. Babu maƙwabcin da zai tsawata wa ɗanka. Hausarta ta fara karkacewa, shi ya sa nake matsa mata ta kira Hajiya kowace Juma'a.

Batun turo yaronka kuwa, ka dakata. Wanda ya shigo da bizar ɗalibi ba ya cin wannan kyautar: doka ta ba shi wata 12 kacal a sakandaren gwamnati, kuma sai an biya cikakken abin da ake kashe wa ɗalibi. Gara ya gama WAEC ɗinsa a gida da sakamako mai kyau, mu nemi jami'a.

Idan an samu mai tahowa, a aiko mana da kuka, kuɓewa busasshiya da yajin Hajiya. Kaza a nan ta fi su arha. Kilishi kada a sako, 'yan kwastan ƙwacewa suke yi a filin jirgi.