Saƙo daga Guangzhou kan maganar yaren Chana

Salam Alhaji, ya gida ya yara, ya kasuwa. Kan maganar turo yaron nan ya koyi yaren Chana don ya riƙa mana sarin kaya, na goyi baya sosai, amma don Allah a tabbatar Mandarin za a koya mai, wanda su ke kira Putonghua, don wlh nan ba yare ɗaya ba ne. Kar ka ɗauka irin Kananci da Sakkwatanci ne da kowa ke jin ɗan uwansa, a'a, mutumin Beijing in bai koya ba ba ya jin Kantonis ɗin mutanen Guangzhou da Hong Kong, rubutu ne kawai ya haɗa su. Masanansu sun kasa yarukan gida bakwai, wasu kuma suka ce goma ne tun taswirar yaruka ta 1987.

Abin da ya shafe mu shi ne kusan kowane kaya da mutanensa. Ka je kasuwar Huaqiangbei a Shenzhen wajen waya da caja da sikirin, da yawan masu shagunan 'yan yankin Chaoshan ne, yarensu Teochew dangin Min, ɗaya daga cikin gidajen yarukan nan, in suna shawarar farashi a tsakaninsu ko tafintan da ka biya kuɗi sai dai ya yi ta kallonsu. Masu takalman Putian can jihar Fujian su ma yarensu Min ne amma wani reshe daban. Yiwu kuma inda ake sarin ƙananan kaya, sarƙa, kayan wasan yara, kayan kicin, jihar Zhejiang ce masu yaren Wu, kuma cikinsu akwai 'yan Wenzhou masu takalmi da laita wanda su kansu 'yan Chana sun sallama cewa yarensu ya fi wuya. To amma duk waɗannan da Mandarin su ke ciniki da baƙo, shi ake koyarwa a makaranta, shi ne a banki da ofis.

Hidima kam gaskiya sun yi mana nisa, jirgin ƙasan cikin gari na Guangzhou duk tasha sai ya sanar da Mandarin da Kantonis da Turanci, biyan kuɗi da manhajar waya ta WeChat ko Alipay babu rigimar canji babu jiran alat irin namu, kuma WeChat ɗin na fassara saƙon rubutu, da shi muke yawancin ciniki. Sai dai in mai kaya ya turo saƙon murya da yaren garinsu ka shiga uku.

Abinci kar ka damu, unguwar Xiaobei cike take da gidajen abincin halal, akwai Musulmin Hui masu taliyar Lanzhou, akwai Uyghur masu gasasshen nama, su nasu yaren ma dangin Turkanci ne. Nama dai bai kai namu daɗi ba.

Ka sa ya fara da lambobi da sunayen yadi da kala, sannan ya dage da karin sauti, Mandarin huɗu gare shi, Kantonis shida. Ka gaida Hajiya, kwantenar ma an gama lodi.