Nakiyar fasa dutse da ruwan da ake ɗura wa ƙasa: girgiza iri biyu

Ɗan'uwanmu da ke wani ƙauye a gefen Dutse ya tambaya ko rawar da gidansa ke yi duk lokacin da masu fasa dutse suka tayar da nakiya, har kwanuka su yi ƙara a kan kanta kuma katangar ƙasa ta tsage, ita ce girgizar da ake cewa masana'antu na haddasawa a ƙasashen waje. Malam, dukkansu aikin ɗan Adam ne, amma kowace da hanyarta.

Girgizar nakiya a sama-sama take. Tana zuwa tare da ƙarar fashewar, ta wuce cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma ƙarfinta ya danganta da yawan nakiyar da ta tashi a lokaci guda da kuma nisan gida daga ramin. Maganinta sananne ne: a rarraba nakiyar ta riƙa tashi bi da bi, a kafa na'urar auna girgiza a gindin gidan da ya fi kusa, a tsayar da lokacin fashewa da sanin dagaci.

Ɗayar kuwa ta fi wuyar sha'ani. A jihar Oklahoma ta Amurka, an daɗe ana mayar da ruwan gishirin da ke fitowa tare da ɗanyen mai cikin rijiyoyi masu zurfin gaske, har matsin ruwan ya sa tsofaffin tsagogin dutsen ƙarƙashin ƙasa suka zame. A 2016 girgiza mai maki 5.8 a ma'aunin ƙarfin girgizar ƙasa ta afka wa yankin Pawnee, kuma sai da hukuma ta rage yawan ruwan, ta rufe wasu rijiyoyin, sannan abin ya lafa sannu a hankali. A Groningen ta ƙasar Holan, zuƙe iskar gas ne ya sa ƙasa ta lotsa, kuma bayan girgizar 2012 mai maki 3.6 aka yi ta kai ruwa rana har aka daina haƙowa a 2023. A ganina irin wannan girgiza ta ƙarƙashin ƙasa ta fi ta nakiya haɗari, domin ba ta tsayawa ranar da aka kashe inji. Matsin yana ci gaba da ratsa dutse na tsawon watanni, shi ya sa ake barin na'urori suna saurare dare da rana.

Taka, Malam, irin ta farko ce. Ka riƙa rubuta rana da sa'ar kowace fashewa, ka ɗauki hoton tsagar da tsinken ashana a gefenta don a ga faɗinta, tun kafin damina ta sauka a ce ruwa ne ya ci maka katanga.