Garejin ajiye mota a Jidda, ra'ayina

Jama'a masu tambaya a kan garejin nan da ke ajiye motocin tsere a arewacin Jidda, to mu dai can muka kai Mustang ɗin maigidana da zai yi tafiya lokacin sanyi. Wani zai ce wane sanyi kuma a Jidda, ai ba Tabuk ba ce da ƙanƙara ke sauka, to matsalarmu ruwan sama ne, duk wanda ya ga ambaliyar Nuwamban 2022 ya sani, kuma motar nan cikinta dab da ƙasa yake, ga danshin Bahar Maliya mai sa tsatsa.

Aikinsu gaskiya ba laifi. Sun canza baƙin mai, suka ce a cika tanki saboda kada danshi ya taru a ciki, suka ƙara wa tayoyi iska don kada su lotse a wuri ɗaya, batir kuma an jona masa ƙaramar caja mai riƙe shi kullum. Abin da ya fi burge ni ba su ja birkin hannu ba, katako suka sa wa tayoyin, wai idan ta daɗe a tsaye birkin kamewa yake.

Inda suka ɓata min rai rigar motar ce, ta leda suka lulluɓa mata wadda ba ta shan iska, da na ɗaga sai warin gumi ya buge ni, sai da na yi magana suka canzo ta yadi. Kuɗin ma da ɗan zafi wallahi, kuma in za ka ɗauki mota sai ka kira tun jiya.