Wata takwas da madubin da nake kallon 'ya'yan kifi da shi

Wata takwas ke nan ina aiki da wannan madubin duba ƙananan halittu, irin mai ido biyu, da fitila mai shuɗin haske da kyamara a ka. Ni na matsa aka saye shi a ɗakin bincikenmu, don ina so in ga da idona yadda layin ji na gefen kifi yake samuwa, layin nan da kifi ke gane motsin ruwa da shi ko a cikin duhu.

Da kifin zebra nake aiki, domin ɗan tayinsa garau yake kamar gilashi. Namu an dasa musu ƙwayar gadon GFP, furotin ɗin da Osamu Shimomura ya fara cirowa daga wata halittar teku a 1962, shi ya sa ƙwayoyin da nake bi suke ƙyalli kore shar idan shuɗin haske ya sauka a kansu. A nan madubin ya biya ni. Wajen awa 22 da haɗuwar ƙwai, sai ga wani curin ƙwayoyin halitta, ɗari da 'yan kai, ya taso daga bayan kunne ya nufi wutsiya. Yana tafe yana ajiye ƙananan dunƙule masu kama da fure, biyar ko shida, ya isa ƙarshen wutsiya wajen awa 40. Daren farko ban iya tashi daga kujera ba, wallahi.

Na daɗe da karanta dalilin tafiyar. Ƙwayoyin gaba suna kunna Wnt, wani saƙo da ƙwayoyin halitta ke aika wa juna, kuma da cxcr4b, wani furotin da ke a fatarsu, suke shinshinar sawun sinadarin cxcl12a da aka shimfiɗa musu a tsakiyar tsoka. Na baya suna kunna wani saƙon, Fgf, da furotin cxcr7b, wanda ke tsotse sinadarin, ta haka curin yake bambanta gabansa da bayansa. A tsakiyar kowane fure kuma ƙwayar gadon atoh1a ke farkawa a ƙwaya guda, ita kuwa ta hanyar saƙon Notch take hana maƙwabtanta bin sahunta. Madubin ba ya nuna ƙwayoyin gado, amma ya nuna mini aikinsu awa bayan awa, hoto tas ba hazo.

Tazarar da ke tsakanin gilashinsa da faranti ma ta burge ni. Hantsaki biyu na shiga a sake, in ɓare wa ɗan tayi ɓawonsa ba tare da na bugi komai ba.

Inda ya gaza shi ne ɗumi. Waɗannan 'ya'yan kifi digiri 28.5 suke so, shi kuwa ba shi da faranti mai ɗumama ruwa. Wani dare ɗakin ya yi sanyi, da safe na tarar curin ko rabin jiki bai wuce ba, lissafina duk ya rushe. Sau biyu kuma manhajar kyamarar ta daskare, ɗaya daga ciki ya ci mini hotunan awa shida, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Sannan ba ya ratsa zurfi, don haka ƙirga ƙwayoyi masu gashi, waɗanda ke jin motsin ruwa a cikin furannin, ɗaya bayan ɗaya sai da babban madubi mai hasken leza.

Mai koyar da ɗalibai ko mai tace 'ya'yan kifi kafin babban gwaji, ya saye shi hankali kwance, amma ya haɗa da faranti mai ɗumi tun ranar farko.