Na sake kallon bidiyon "Take On Me" bayan an wanke shi tas

Daren Asabar ƙanena ya haɗa wayata da talabijin ɗin falo, ya ce, "Yaya, ga waƙar taka da kake damunmu da ita, an wanke hotonta." Bidiyon "Take On Me" ne na a-ha, samarin nan uku 'yan ƙasar Norway, wanda aka sake ɗorawa a YouTube da ingancin 4K a ƙarshen 2019.

Ni dai a dishi-dishi na san shi. Yanzu kuwa, wurin da yarinyar take zaune a gidan shan shayi tana duba littafin zane, hannu ya ɓullo daga cikin takarda yana yafito ta, sai ga layin fensir ɗaya bayan ɗaya yana ɗan karkarwa. Wannan karkarwar ce ta sa na dakatar da bidiyon har sau uku. Aikin hannu ne zalla: sai da aka ɗauki Morten Harket, mai rera waƙar, da Bunty Bailey, wadda ta fito a matsayin yarinyar, da kyamara, sannan Michael Patterson da Candace Reckinger suka bi hotunan suna zanawa a kai, kusan guda 3,000, cikin makonni 16. Steve Barron ne ya ba da umarni.

Abin da ya ƙara mini ganin girman aikin shi ne wahalar da waƙar ta sha kafin ta samu shiga. An fara sakinta a 1984 da haɗin kiɗan Tony Mansfield, ta kai ta uku a Norway, a waje kuwa ba wanda ya ko waiwaye ta. Aka kai wa wani mai haɗa kiɗa, Alan Tarney, ya sake ɗaukarta, aka fitar a Birtaniya a 1985, nan ma shiru kake ji. Sai da kamfanin waƙoƙi na Warner Bros. ya zuba kuɗi a wannan bidiyon, tashar talabijin ta waƙoƙi MTV ta riƙa haska shi, kana waƙar ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka a Oktoban 1985. A Birtaniya ta tsaya ta biyu, bidiyon kuma ya kwashe kyaututtukan MTV shida a 1986.

Don in gamsar da kaina na nemo ta 1984 ɗin. Karin kiɗan da kowa ya sani yana nan, amma ya yi tsululu kamar kokon da ya sha ruwa, bidiyonta kuma na mawaƙan ne a gaban shuɗin bango. Wallahi da a nan ta tsaya, da ban san ta ba.

Labarin kansa ba wani nauyi gare shi ba, soyayyar minti huɗu ce da 'yan tseren babur masu bin mutum da sifana. Kuma 4K ɗin yana cin data kamar gara. A waya ma da kyar za ka ga bambanci, sai a babban allo. Kafin mu kai inda Morten yake bugun bango yana rikiɗa daga zane zuwa mutum a kallo na huɗu, datata ta ƙare ƙaf. Ƙanena ya ce bari ya ƙarasa mana da baki, ya ja muryar nan mai tsini ta ƙarshen amshi, sai ga Umma ta leƙo tana tambaya ko wani ne ya ƙone.