Sensa ta matsi ko sensa ta gudun ruwa: wacce za ta ceci injinka?

Ɗan'uwa, ka ce ka ɗora wa motarka sufacaja, wato abin da ke cusa wa inji ƙarin iska, ka haɗa feshin ruwa da sinadarin metanol rabi da rabi don sanyaya iskar da ke shiga injin, kana tambaya ko sensa mai auna matsi ta isa kariya ko sai mai auna gudun ruwan. Ni dai ta biyun zan ce ka saya.

Ga dalili. Tunda an saita ƙwaƙwalwar motar bisa cewa feshin na zuwa, an ƙara taimin, wato an gaggauta lokacin da fulogi ke ba da wuta, wataƙila an rage fetur. Feshi ya tsaya kana kan totur, fetur ya fara fashewa ba bisa ƙa'ida ba, cikin daƙiƙa kaɗan fistin ya tsage.

Sensa ta matsi tana da arha, kuma tana kama mutuwar famfo, ƙarewar tanki ko ficewar tiyo, don duk waɗannan matsi faɗuwa yake yi. Amma idan nozul, wato bakin da ke fesa ruwan, ta toshe fa? Famfo na turawa, matsi na sama, ita tana ganin lafiya lau, alhali ko ɗigo bai shiga injin ba. Wannan makantar ce ke tayar min da hankali, domin ramin nozul ƙanƙane ne, ɗan datti ko ruwan da ba tatacce ba ya isa ya liƙe shi.

Ta gudun ruwa kuwa, irin ta kamfanin Aquamist ko AEM, abin da ya wuce ta tiyo take ƙirgawa. Ya yi kaɗan, toshewa ce. Ya yi yawa, yoyo ne. Tana da tsada, kuma sai ka zauna ka saita mata iyaka sama da ƙasa, in ba haka ba ta riƙa ƙarar banza.

Sai dai gano matsala ba shi ne tsira ba. Mai turbo yana iya sakin hayaƙi iska ta ragu nan take. Kai bel ke juya sufacajarka, ba ta tsayawa. Dole siginar sensar ta buɗe bawul ɗin kewaye, wanda ke rage iskar da sufacaja ke turawa, ko ta sa ƙwaƙwalwa ta koma saitin fetur zalla ta janye taimin. Fitila a dashbod kaɗai ba ta isa ba, idonka na kan titi lokacin.

Ka ƙara da ƴar sensar da ke nuna ruwan tanki ya yi ƙasa. Bayan haɗawa, cire fiyus ɗin famfo, ka taka totur a hankali ka tabbatar iskar ta ragu kafin ka yarda da kariyar.