Katakon Forks da rufin ɗakin Hajiya

Assalamu alaikum mutanen Kaduna. Wata goma sha huɗu ke nan da aikin jinya ya kawo ni jihar Washington, kuma har yanzu duk wanda ya kira ni sai ya tambaye ni ko na ga fadar shugaban Amurka. Wancan Washington ɗin birni ne a gabas. Ni ina can ƙuryar arewa maso yamma, dab da Tekun Pasifik, a wani ɗan gari da ake kira Forks, wanda katako ne ya kafa shi, katako ne ya raya shi, kuma katakon ne ya kusa kashe shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata kunya ce da na sha a wurin sayar da katako, wadda har yanzu ba ta bar zuciyata ba.

Mai gidan da nake haya ya ba ni izinin kafa 'yar rumfa a bayan gida don ajiye itacen hura wuta, saboda a nan idan ka bar icce a waje kwana biyu ya zama soso. Na je na ce a ba ni tu-bai-fo, wato katako mai inci biyu da inci huɗu, guda goma sha biyu. Ni ɗan kafinta ne, a cikin ƙurar zarto na tashi a Tudun Wada, kuma abu na farko da Baba, Allah ya jiƙansa, ya koya mini shi ne kada ka biya kuɗin katako sai ka ɗora masa tef. Na zaro tef ɗina daga aljihu. Kauri inci ɗaya da rabi, faɗi inci uku da rabi. Na gwada na biyu, haka. Na uku, haka. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata ashe har a nan ma ana wannan cuta, kuma don sun ga baƙo ne. Na shiga ciki na ɗaga murya a gaban mutane, na ce an rage mini rabin inci ta kowane gefe.

Wata dattijuwa ce a kan teburin kuɗi, za ta kai sa'ar Hajiya. Ba ta mayar mini da faɗa ba. Ta fito ta ja ni har wurin tarin katakon, ta ce in zaɓi duk wanda na ga dama a cikin ɗaruruwan da ke jibge in gwada. Na gwada kusan ashirin. Wallahi ko kaurin farce babu wanda ya fi wani. Sai ta bayyana mini cewa biyu da huɗun nan suna ne na asali, na lokacin da aka tsaga gungumen yana ɗanye. Bayan ya bushe an goge shi da inji, awon da aka amince da shi a duk faɗin ƙasar shi ne ɗaya da rabi da uku da rabi, kuma duk mai zanen gida da duk kafinta da wannan awo yake lissafi. Ta juya katako ɗaya ta nuna mini tambarin baƙin tawada a jikinsa: lambar masana'antar da ta tsaga shi, irin iccen, darajarsa, da alamar cewa an busar da shi a ɗakin zafi har danshinsa bai wuce kashi 19 cikin ɗari ba. Wanda ba a busar ba ma akwai shi, amma an rubuta a jikinsa cewa ɗanye ne, ka saya da saninka.

Na ba ta haƙuri, muryata na rawa. Na zargi baiwar Allah da ha'inci a gaban abokan cinikinta, alhali ni ne na zo da zargin a aljihu tun daga gida. Bayan mako guda na mayar da guda biyu da suka yi saura, da rasit ɗina, aka mayar mini da kuɗina cif, babu ko “ka riga ka fita da shi”.

A daren nan ban yi barci da wuri ba, rufin ɗakin Hajiya nake tunawa. Shekara huɗu da suka wuce ni da ƙanena muka sayi katakon rufin nan da kuɗin da muka daɗe muna tarawa. Mai katakon ya rantse ya bushe. A cikin guda sittin babu biyu masu kauri ɗaya, wani ma gefe ɗaya ya fi ɗayan gefen. Muka shafe shi da baƙin mai saboda gara, aka buga kwano. Hunturu ɗaya ya yi ya lanƙwashe kamar baka, ƙusoshi suka saki, damina na zuwa silin ya jiƙe ya rufto a kan gadonta. Allah ya kiyaye tana tsakar gida. Da muka koma wurin mai katako cewa ya yi kafintanmu ne bai iya aiki ba, kafinta ya ce katako ne, muka dawo gida da “sai haƙuri”. Wannan haƙurin ne ya mayar da mu mutanen da ke yawo da tef a aljihu da zargi a zuciya, har mu kai shi ƙasar da ba a san shi ba.

Tun daga ranar na fara kallon garin da wani ido. A kan babbar hanya mai lamba 101, wadda ita kaɗai ce ke shiga garin ta fita, tireloli ne ke wucewa tun kafin asuba ɗauke da gungume. A bakin hanyar za ka ga alluna a gaban daji an rubuta shekarar da aka sare wurin, shekarar da aka sake dasawa, da shekarar da ake sa ran sake sarewa, wani lokaci shekara arba'in ko hamsin nan gaba. Wanda ya dasa ba lallai ya ga girbin ba. Dokar jihar ta wajabta wa wanda ya sare daji ya sake dashe cikin shekara uku, kuma akwai dazuzzukan jiha da ake sayar da katakonsu a zuba kuɗin wajen gina makarantu.

Kada ku ɗauka da haka suka fara. Wannan ƙasar ta mutanen Quileute ce tun asali, waɗanda yanzu aka taƙaita su a wani ɗan yanki a bakin teku da ake kira La Push. Turawa sun fara zama a filin da garin yake a ƙarshen shekarun 1870, kuma sunan Forks daga haɗuwar kogunan yankin ya samo asali, irin su Calawah da Bogachiel da Sol Duc. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Amurka sun shigo yankin neman wani icce mara nauyi mai ƙarfi da ake ƙera jirgin sama da shi. A watan Janairu na 1921 wata guguwa ta kwantar da daji mai ɗimbin yawa a dare ɗaya. Hanyar mota ta zagayo a 1931, garin ya samu hukumarsa a 1945, sai a watan Satumba na 1951 gobarar daji ta taso daga gabas, iska na kora ta, ta cinye fiye da eka 30,000 da gine-gine kimanin 30, aka kwashe mutanen gari. Bayan haka ne aka yi shekarun wadata, har garin ya riƙa kiran kansa babban birnin sarar katako na duniya. Tsofaffin da nake jinya suna ba ni labarin shekarun 1970, lokacin da yaro zai bar makaranta ya shiga daji ya fi malaminsa samu. Da yawansu yatsunsu ba su cika goma ba. A gefen gidan tarihin katako na garin akwai wurin tunawa da waɗanda icce ya kashe.

Abin da ya karya wannan zamani zai ba ku mamaki: mujiya ce. Tsuntsuwar nan da idan ta yi kuka a kan katangarmu ake jifanta ana neman tsari. A 1990 gwamnatin tarayya ta saka wata irin mujiya mai ɗigo-ɗigo cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, saboda ba ta rayuwa sai a tsohon daji, aka taƙaita sara a dazuzzukan gwamnati. Dama injuna sun fara rage hannun ma'aikata, manyan itatuwan kuma sun yi ƙaranci. Masana'antu suka rufe, iyalai suka watse. Har yau idan aka ambaci mujiyar nan a gaban wasu dattawa fuskarsu canzawa take. Ina jin zafinsu, domin na san Kakuri. Na ga abin da ya faru da gidajen da masaƙa ke ciyarwa bayan an rufe ƙofofinta. Amma na kuma je dajin Hoh, cikin gandun Olympic da aka keɓe tun 1938, na tsaya a gindin iccen da ya haura shekara ɗari biyar, wanda mutum biyar ba za su zagaye shi da hannu ba, na gane cewa da ba a tsawata ba da babu abin da zan gani.

Yanzu mutanen garin 3,335 ne a ƙidayar 2020, ƙasa da 3,532 na 2010. Ina ganin jama'ar da ke cika masallacin Sultan Bello da titunan gefensa ranar Juma'a sun fi su. Fitilar ba da hannu ɗaya ce tal a duk garin. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu 'yan asalin Meziko da Gwatamala ne, da yawansu suna shiga daji tsinko wani ganye da ake haɗa furanni da shi. Sauran aikin sai asibiti, makaranta, gidajen gyaran hali biyu da ke yankin, da baƙi masu zuwa ganin daji da teku, ko ganin garin da wani labarin ƙirƙira ya yi wa suna.

Ruwan sama kuwa, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kimanin milimita 3,000 ke sauka a shekara, fiye da ninki biyu na Kaduna, kuma ba irin namu ba ne da hadari zai haɗu, a yi tsawa, a sheƙa, gari ya washe, ƙasa ta yi ƙamshi. Wannan yayyafi ne mai naci, fiye da kwana 200 a shekara, ya fi tsanani daga Nuwamba zuwa Janairu, daidai lokacin da ku kuke shafa man kaɗanya saboda hunturu. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, kafin huɗu da rabi an yi magariba, kuma tsakanin nan ma ba ganinta kake ba. Gansakuka ta rufe rufin gidaje da jikin itatuwa, har motar da aka daɗe ba a tayar ba. Shaddata da na ajiye a kabad ta yi furfurar danshi. Sanyin bai cika kaiwa ga ƙanƙara ba, amma yana shiga ƙashi. Yuli da Agusta ne kawai sararin sama ke buɗewa, zafin bai fi digiri 22 ba galibi, a lokacin kuma isha'i sai dare ya raba. Akwai ranar da na zauna a mota bayan na tashi aiki, ruwa na dukan gilashi, na ji babu abin da nake so a duniya kamar in tsaya a rana a bakin Kasuwar Barci ina jin zufa na gangaro mini.

Kuma ba komai nasu ne ya fi namu ba. Kuɗin da aka rubuta a jikin kaya ba shi za ka biya ba, sai ka je teburi a ƙara haraji. Ba a tayi, ba a ragi, ba a gyara. Da na tambayi kuɗin kafintan da zai kafa mini rumfar, abin da aka ce na awa ɗaya ya sa na ɗauki guduma da kaina, kuma ko na yarda sai na jira makonni. Naman halal sai na yi tafiyar awa huɗu zuwa Seattle, har da hawa jirgin ruwa, in cika akwatin ƙanƙara. Maƙwabcina mutumin kirki ne, ya ara mini zarton lantarki, amma wata shida muna katanga ɗaya bai san sunana ba. Na yi zazzaɓi kwana uku babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. A Tudun Wada kafin azahar da an aiko da kunu daga gida uku.

Duk da haka zancen iccen nan ya tsaya mini a rai. Mu ma muna da daji. Afaka na nan bayan Mando, har da kwalejin koyar da aikin gandun daji. Kamuku na nan a Birnin Gwari. Amma wa ya taɓa ganin allo a hanyar Kachia ko ta Birnin Gwari da ke cewa an sare a shekara kaza an dasa a shekara kaza? Abin da muke gani motocin gawayi ne, buhu kan buhu, ƙirya da marke har da kaɗanya mai ba mu mai. Madobiya an kwashe ta zuwa Sin har sai da yarjejeniyar duniya kan cinikin halittu ta sa mata takunkumi a 2017. Dazuzzukan da malaman daji suka bari, ku kun fi ni sanin waɗanda suka gaje su. Ba na zargin matar da ke sayen gawayi don gas ya fi ƙarfinta. Ina zargin mu da muke da hali: mai gina bene da ba ya tambayar inda katakonsa ya fito, ƙungiyar 'yan katako da za ta iya haɗuwa ta tsayar da awo ɗaya ta hukunta mai sayar da ɗanye da sunan busasshe amma ba ta yi ba, da masu bikin dashen itatuwa da ba sa komawa ba shukar ruwa. Tsayar da awo ba ya buƙatar dala ko injin Turawa, tef ɗin da ke aljihun kowane kafinta ya isa.

Ƙanena, na san za ka karanta wannan. Kuɗin gyaran rufin Hajiya za su iso ƙarshen wata. Ka sayi katakon yanzu da hunturu, ka gwada kowanne a gaban mai shi, wanda bai kai ba ka ajiye masa abinsa. Ka jera su a zaure da 'yan sanduna a tsakani yadda iska za ta ratsa, kada a buga ko ƙusa ɗaya sai bayan wata biyu. Sauran canjin ka nemi dashen maɗaci guda biyu ka sa a ƙofar gida inda Baba yake aiki, ka kewaye su da ƙaya saboda awaki. Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce mata kukar da daddawar sun kusa ƙarewa.